Keke a Karkarar Ingila: Ba Kowace Hanya Ake Bi Ba

A wajenmu keke na kai kaya kasuwa ne. A Ingila kuwa, mutum kan zuba kuɗi ya sayi mai faffaɗar taya don kawai ya bi burji ya sha iska. Cikin fitattun hanyoyinsu akwai South Downs Way, kilomita 160 daga Winchester zuwa Eastbourne, bisa tuddan alli. Hawa da gangara ne har ƙarshe, in an yi ruwa kuma ga santsi kamar sabulu.

To, masu 'ya'ya a can, a ja musu kunne. Gonakin da ake ratsawa suna da masu su. Dokar 1968 ta yarda mai keke ya bi hanyar dawaki, mai alamar shuɗiyar kibiya, amma dole ya kauce wa mai ƙafa da mai doki. In kibiyar rawaya ce, ta masu ƙafa ce kaɗai. Ƙofar shinge kuma, a bar ta yadda aka same ta, kar tumakin mutane su fice.

In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemo ka sa. Sai mako mai zuwa.