SHARHI: Noma ta wayar salula da asarar da ba ta shiga lissafi

A shekarar 2012 ne gwamnatin Goodluck Jonathan, ta hannun ministan noma Akinwumi Adesina, ta fara raba takin zamani mai rangwame ta wayar salula a ƙarƙashin shirin GES. A wancan lokacin manomi kan samu saƙo, ya kai wa dillali, ya biya rabin kuɗi ya ɗauki buhu biyu. Manufar ita ce a karya lagon masu karkatar da takin gwamnati, kuma an rage musu ƙarfi.

Tun daga lokacin, ma'aunin nasarar irin waɗannan shirye-shirye bai sauya ba: manoma nawa aka yi wa rajista, buhu nawa aka raba. Wanda bai shiga rajistar ba, bai shiga lissafin ba. Cikinsu akwai matar da ke noma gayaunarta amma wayar gidan tana aljihun mijinta, da dattijon da ya ƙware a ajami amma saƙon ya zo masa da boko. Shirin bashin manoma na Anchor Borrowers, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, ya ƙara shingen asusun banki da lambar BVN.

Ita kanta hanyar sadarwar ba ta da tabbas. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, ana gab da kaka. A ranakun nan, duk manomin da cinikinsa ya rataya a kan waya ya koma ga dillalin kasuwa, a farashin da dillalin ya ga dama.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne bayanai. Kamfanonin ba da bashin noma kan auna gona da GPS, su ɗauki hoton mai ita, su rubuta amfanin da ta bayar da bashin da ke kansa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta tanadi neman amincewarsa, amma dangwala yatsa a takardar da mutum bai iya karantawa ba, sunanta kawai amincewa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma akasarin gonakin gado ba su da takardar mallaka. Ke nan taswirar da ke kwamfutar mai bin bashi na iya zama rubutacciyar shaida ɗaya tilo ta iyakar gonar, ga shi kuma ba a saba bai wa manomin kwafinta ba.