Darfur: Tofin Allah-tsine Ba Ya Tsayar Da Harsashi

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan Sudan.

Tun Afrilun 2023 sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hemedti suke ɓarin wuta. A El Geneina da ke Darfur an yi wa ƙabilar Masalit kisan kiyashi, waɗanda suka tsira suka taka da ƙafa zuwa garin Adre na Chadi, mata da goyo a baya. A Janairun 2025 Amurka ta kira abin da RSF ta aikata kisan ƙare dangi. To, sai me? Takunkumin makamai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa Darfur tun 2004 yana nan a takarda, amma jirage marasa matuƙa sai ƙaruwa suke yi. Ana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da kai wa RSF makamai, ita kuwa ta musanta.

Najeriya fa? Ta tura sojoji Darfur a 2004, a Abuja kuma aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiyar Darfur ta 2006. Ga kuma Hausawa jibge a Gadarif da Kassala na Sudan. Ya kamata gwamnatinmu ta matsa wa Tarayyar Afirka lamba, a fito fili a ambaci sunayen masu safarar makaman nan.

Wassalam,
Wani mai karatu, Kano