Raɗa Ba Ta Dushe Murya

Wata al'ada ta bazu: da mutum ya ga batirin wayarsa ya yi ƙasa, sai ya yi maza ya kashe Bluetooth, wai tattali ya ke yi. Lalle tattalin nan bai taka kara ya karya ba.

Dalili kuwa nisa ne. Wayar da ke neman dogon ƙarfen sadarwa mai nisan mil da yawa kamar mai ƙwala kira ce daga ƙetaren kogi. A tsarin GSM ƙarfin kiran nan ya kan kai wat 2. Bluetooth kuwa raɗa ce tsakanin maƙwabta: wanda ke kaiwa kamar yadi 10 ba ya wuce miliwat 2.5, watau kashi ɗaya cikin 800. Har wa yau, samfurin da aka fitar a 1 ga jerin masu tsimi, na shekarar 2010, barci ya ke yi galibi, ya farka ya aika ɗan saƙo ya koma, har batiri kamar kwabo ya kan yi watanni yana aiki.

Wanda ke son wayarsa ta kai dare domin kiran gida, gara ya rage hasken fuskarta, ya kuwa rufe layi a inda sabis ke da rauni.