FILIN NOMA DA KIWO: Gidan Kajin Da Zai Gagari Shaho Da Muzuru

A wannan makon filin namu zai zagaya bayan gida, wurin 'yan kajin nan da magidanta ke ajiyewa, ko a ƙauye ko a birni. Kaza dukiyar talaka ce. Ita ake kamawa idan baƙo ya sauka, ita uwargida ke sayarwa idan yaro ya kwanta ciwo ko kuɗin makaranta ya taso. Amma duk wanda ya taɓa kiwon sake ya san ɗacin abin: kaza ta ƙyanƙyashe 'ya'ya cike da akurki, kafin wata biyu a duba a ga saura 'yan kaɗan, sauran kuwa shirwa da muzuru da ɓera sun raba a tsakaninsu. Ba banza ba Hausawa suka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.

Maganin wannan asara shi ne a killace kajin a cikin gidan raga, watau wani fili da aka kewaye da waya aka kuma rufe samansa, mai tsawon da mutum zai shiga a tsaye. Sai dai akwai gargaɗin da ya kamata mu gabatar tun kafin a sayi ƙusa ko ɗaya. Kazar da ke yawo a sake, in ta ga abokin gaba, tana iya tashi ta hau katanga ko ta shige ƙarƙashin rumbu. Wadda aka killace ba ta da wurin gudu. Saboda haka gidan da aka yi shi da ha'inci ya fi rashinsa muni, domin kuwa ka tara wa ɓarawo kayan a wuri guda ne, ka kuma rufe musu hanyar tsira. Ƙarfin gidan kaji ba a girmansa yake ba, a ƙanƙantar kafar da ta fi kowace girma a jikinsa yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da farko sai mu san abokan gaban, gama kowanne da ƙofar da yake bi. Shaho da shirwa daga sama suke zuwa da rana, mujiya kuwa da dare. Kare da dila da gafiya haƙa suke yi ta ƙarƙashi. Muzuru da tunku da inyawara hawa suke yi, su lalubi inda rufi bai haɗu da bango ba. Maciji da ɓera da damo kuwa ta ido ɗaya na raga ko ta ƙarƙashin ƙofa suke sulalewa. Ɓarnar ma takan nuna mai ita. In an wayi gari an tarar da kaji da yawa a yashe, gashi a warwatse, ba a ci naman ba, galibi aikin kare ne. In ƙwai ke ɓacewa ba a ganin ko ɓawo, a zargi maciji ko damo. In 'yan tsaki ke raguwa ɗaya-ɗaya da dare, a nemi ramin ɓera.

To, yanzu sai awo. Ƙa'idar da masana kiwo suka saba bayarwa ita ce kowace kaza ta sami fili kamar murabba'in ƙafa 10 a wurin yini, watau kusan murabba'in mita 1. Alal misali mu ɗauki gida mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 8. Wannan ya ba da murabba'in ƙafa 96, ya ishi kaji 9 ko 10 ke nan. Kewayensa ƙafa 40 ne, in aka kafa ginshiƙi a kowace ƙafa 4, ginshiƙai 10 za a bukata. Bisansa ya kai ƙafa 7 ta gaba, ƙafa 6 da rabi ta baya, don ruwan sama ya sami gangara. Kada a ga kamar ɓarnar katako ce a yi shi da tsawo haka. Gidan da sai an durƙusa ake shigarsa ba a share shi kullum, wanda ba a shiga kullum kuwa ba a ganin ɓarakarsa sai bayan an yi ɓarna.

A zaɓi wuri mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya, nesa kaɗan da juji da tarin itace ko tsofaffin bulo, gama nan ne maɓoyar maciji da ɓera. A sare duk wani reshe da ya sauko kan rufin, don kada ya zama tsani ga muzuru. In da hali a miƙe tsawon gidan daga gabas zuwa yamma, yadda rana ba za ta riƙa dukan dogon gefensa ba. Kaza ba ta yin gumi, da haki take rage zafin jikinta, saboda haka inuwa da iska a gare ta ba alatu ba ne. Wanda ke zaune a gidan haya kuwa, ya nemi yardar mai gida da ta maƙwabta tukuna.

Ginshiƙan, ko na bututun ƙarfe ne ko na katako mai ƙwari, a binne ƙafa 2 a ƙasa a zuba musu siminti. In na katako ne, a shafe gindinsu da maganin gara ko baƙin mai kafin a binne, in ba haka ba gara za ta yi wa muzuru aiki kyauta. Sa'an nan a ɗaure su da katako a gicciye, ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a sama.

Nan muka zo kan raga, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Akwai wata siririyar raga mai manyan idanu masu kusurwa 6, wadda aka fi sani da wayar kaji, ita ce ta fi araha a kasuwa. Aikinta ta hana kaza fita, ba ta hana komai shiga. Kare yakan yage ta da haƙori, muzuru yakan zura hannu ta cikinta ya finciko ɗan tsako, ƙaramin maciji da ɓera kuwa ba su ma san tana nan ba. Ragar da za a nema ita ce mai idanu murabba'i, wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, aka kuma shafe ta da abin hana tsatsa, faɗin idonta kada ya wuce rabin inci. Wanda zai yi renon 'yan tsaki a ciki, ya ƙara wata mai ido rubu'in inci a ƙafa 2 na ƙasa, domin ɗan ƙaramin ɓera yana iya bi ta ramin da bai fi kaurin fensir ba. Masu karatunmu da ke Ikko da Fatakwal da sauran wuraren da ruwa da laima suka yi yawa, su fi kowa kula da batun tsatsa.

Ga lissafin ragar. In mai faɗin ƙafa 4 ce, kowane tsakanin ginshiƙai zai ci yanki ɗaya na ƙafa 7, yanki 10 sun zama ƙafa 70, har da na ƙofa. A kafe ta ta waje da lanƙwasasshiyar ƙusa, kada tsakanin ƙusa da ƙusa ya wuce inci 6, sa'an nan a danne bakinta da siririn katako. Inda raga biyu suka haɗu ba a kan katako ba, a ɗora ɗaya kan ɗaya a ɗinke su da waya.

Maganin masu haƙa kuwa iri biyu ne. Ko dai a haƙa lambatu mai zurfin ƙafa 1 zuwa 1 da rabi a kewaye, a saukar da raga ko a jera bulo a ciki, ko kuwa a yi wa gidan abin da za mu kira tabarma. Watau a tsaga ragar gida biyu, a sami faɗin ƙafa 2, a shimfiɗa ta a ƙasa ta waje kewaye da gidan duka, har da kusurwoyi, a ɗinke bakinta da gindin bango, a rufe ta da ƙasa ko tsakuwa. Hikimar ita ce dabba a gindin bango take fara haƙa, da ta ci karo da waya sai ta matsa gefe, ba ta da wayon ja da baya ƙafa 2 ta soma daga can. Wannan zai ci kamar ƙafa 30 na ragar, jimla ƙafa 100 ke nan.

Rufi ya zama na kwano gaba ɗaya, ya zarce bango da ƙafa 1 ko fiye. A lura da tudu da kwarin da ke jikin kwano, gama inda ya hau katako yakan bar 'yan kafofi a jere, sai a toshe su da raga ko siminti. Amfanin rufin bai tsaya ga shaho kaɗai ba. Yana hana tsuntsayen daji saukowa su ci tare da kaji ko su yi kashi cikin ruwansu, wannan kuwa hanya ce ta yaɗuwar cuta. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, da kuma dawowarta a Kano da Ikko a farkon 2015.

Ƙofa ita ce inda kafinta ya fi yin sakaci. Ta riƙa buɗewa waje, a yi mata dokin ƙofa na siminti, kada ratar da ke kewaye da ita ta kai rabin inci. A sa mata sakata biyu, sama da ƙasa, domin mai sakata ɗaya a tsakiya kare yakan tura gindinta ya kutsa. A ƙara da kwado, saboda a cikin masu son kaza akwai mai ƙafa biyu.

A can ƙarshen gidan, ɓangaren da iskar hunturu ke bugowa, a kange shi da katako ko bulo ya zama wurin kwana. A gicciya sanda bisa ƙafa 2 daga ƙasa, kowace kaza ta sami kamar inci 9 a kai, a kuma ajiye akwatin ƙwai 1 ga kowaɗanne kaji 4 ko 5. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ɓarzar katako a ƙasa, a ajiye wani tsohon daro da yashi da toka don su yi birgima, abin da ke rage musu ƙwarƙwata.

Bayan gini kuma sai ɗa'a, gama gida ba ya tsare kansa. Abinci ne ke kiran ɓera, ɓera kuma shi ke kiran maciji. Saboda haka a kwashe ragowar dusa da tsaki kafin magariba, a adana buhun abinci a cikin duro mai murfi, a kwashe ƙwai kullum. Wannan tsabta ta shafi lafiyar iyali ma, tun da yake wani irin ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na Borno a 1969. In aka iske gamsheƙa a ciki, kada a matsa kusa da ita, gama tana feso dafi a ido, wanda kuwa ta fesa wa ya wanke idon da ruwa mai yawa nan da nan, a garzaya da shi asibiti. Sau ɗaya a mako a zagaya gidan ana dubawa a tsanake, musamman bayan ruwa mai ƙarfi.

Har ila yau a tuna cewa kazar da aka killace ta daina tonon abincinta, nauyinta duka ya dawo wuyan mai ita. Mai yin ƙwai tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana, tana shan ruwa kusan ninki biyu na wannan, ko fiye a lokacin bazara. Tana bukatar ɗanyen ganye da garin ƙashi. Raga kuma ba ta tare annobar nan da ke kwashe kaji da hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil. Wannan sai rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa maganin rigakafinta, sai a tuntuɓi malamin dabbobi mafi kusa.

Wani zai ce kuɗin ya yi yawa. Gaskiya ne raga mai kyau ba araha gare ta ba. Amma shawararmu ita ce, in aljihu bai kai ba, a rage girman gidan, kada a rage ingancin ragar. Gara gidan kaji 5 da babu ɓaraka a jikinsa da na kaji 20 da aka kewaye da wayar da kare ke yagewa. Mai ƙaramin gida yana iya ƙara masa ɗaki baɗi da kuɗin ƙwan da ya sayar, mai babban gidan banza kuwa dare ɗaya ya isa ya mayar da shi farko.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake haɗa abincin kaji a gida da masara da dusa da ƙuli-ƙuli. Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, amin. Wassalam.