Kusurwar Kwamfuta: Akwatin zane da girmansa

Lokacin furojet ya kama, shagunan buga takardu na Samaru da Sabon Gari sun cika maƙil da 'yan ajin ƙarshe na ABU. Da yawa cikinmu yanzu da Python muke zana sakamakon bincike, musamman da Matplotlib, wadda John Hunter ya fito da ita a 2003. To akwai wani ɗan abu da ke jawo mana jan biro a hannun malamai, wato girman akwatin zane.

Idan muka rubuta figsize, girman hoton gaba ɗaya muka faɗa, a inci, ba girman akwatin da layuka ke ciki ba. In ba mu ce komai ba, Matplotlib kan ba mu inci 6.4 a faɗi da 4.8 a tsayi, amma faɗin akwatin kansa bai kai inci 5 ba. Ragowar wurin lambobi ne da rubutun gefe. Sai kuma mu ƙara tight_layout, shi ko matse akwatin yake yi gwargwadon yawan rubutun.

A ce muna kwatanta ruwan saman Samaru na damina biyu, ma'auni ɗaya. Zanen farko muka sa masa dogon rubutu a gefe, na biyu ba mu sa ba. Akwatin farko zai tsuke, layinsa ya miƙe tsaye, malamin da ke duba aikin ya ɗauka ruwan ya fi saurin ƙaruwa a wannan shekarar. Alƙaluman ba su faɗi haka ba, akwatin ne ya faɗa.

Maganin shi ne mu fara lissafi daga akwatin. Muna son faɗi santimita 12, tsayi 8. Mu bar 2 a hagu, 1 a dama, 1.5 a ƙasa, 0.5 a sama. Hoton ya zama 15 da 10 ke nan, kuma zai zauna lafiya a A4 mai faɗin santimita 21, har da wurin ɗinki. Mu raba da 2.54 don mayarwa inci: 5.91 da 3.94, su ne na figsize. Sannan mu kira add_axes da lambobi huɗu, kowanne kaso ne na hoton: hagu 0.133, ƙasa 0.15, faɗi 0.8, tsayi 0.8. Waɗannan za mu maimaita a kowane zane, daga babi na huɗu har ƙarshe.

Wajen adanawa, a bar bbox_inches a yadda yake. In aka ba shi tight zai yanke gefuna, lissafin ya wargaje.

Saura Word, inda aka fi ɓarna. Jan hoto da linzami, ko mu ko mai shago, shi ke mayar da da'ira ƙwai. A shiga wurin girma a rubuta santimita 15, a mayar da aikin PDF kafin a fita hostel. A shago kuma a fara buga shafi ɗaya a sa rula a auna 12 ɗin, kafin a biya kuɗin sauran kofe.