Ranar da armonika ta ƙi ka

 Tun da hunturu ya shigo, samarin da ke koyon busa armonika a fada suke kuka iri guda: jiya ta yi daɗi, yau ta ƙi. Waƙar da yaro ya haddace tun watan jiya sai ta fito kamar kukan ɗan akuya, abokai su tuntsire da dariya, shi ko ya cusa ta aljihu ya ce dama ba shi da baiwa. Wani har cewa yake baki ne ya kama shi. Daga nan sati ya zama wata, abu ya yi tsatsa cikin akwati. Mu kam asarar nan tana yi mana ciwo, don mafi yawan ranakun nan suna da dalili, kuma dalilin bai wuce tafin hannu ba.

A fara da ita kanta armonikar. Wadda aka fi gani a nan, mai ƙofa 10, tana da ƴan harsunan tagulla 20 a ciki, kowace ƙofa biyu: ɗaya na amsawa in ka hura, ɗaya in ka zuƙa. Tsakanin harshen da gurbinsa ɗan wuri ne da ko gashi guda ya shiga sai ya tsaida shi. To ku duba ƙurar da ke tashi a Tawa ko Damagaram cikin watan Janairu, ku ƙara da shayi mai sukari kofi uku da ɓawon gujiya a haƙori, sannan mutum ya kai ta baki. Yaya za ta yi magana? A kuskure baki da ruwa kafin a busa. In ta yi sanyi a ɗumama ta cikin hannu, don tururin numfashi yana taruwa bisa ƙarfe mai sanyi ya liƙe harsunan. In an gama a bubbuga ta a tafin hannu, ƙofofin suna kallon ƙasa. Mai katako a tsakiya kuma kar a jiƙa ta cikin ruwa, katakon kumbura yake har ya yanki leɓe.

Sai ƙofa ta 2 da ta 3. Kusan duk mai koyo ya taɓa rantsuwa cewa an sayar masa da lalatacciya, saboda in ya zuƙa a nan sautin a shaƙe yake fitowa. Lafiyarta lau. Maƙogwaro ne ya matse, harshen mutum ya tashi ya tare hanyar iska. Ranar da ka kwana da tunani, ko ka wuni bisa kabu-kabu cikin rana, haƙoranka a cije suke ba ka sani ba, kuma armonika ba ta rufa wa kowa asiri. Abin da fushi ke sa mutum shi ne ƙara ƙarfi, shi kuwa ƙarfi yana gajiyar da tagullar har sautinta ya sauka, wata rana ta tsage. Kun ga ranar banza guda ta ci kuɗin sabuwa.

Akwai masu cewa a aje ta kawai sai zuciya ta dawo. In leɓe ya tsage yana jini, ko mura ta kama ƙirji, e, a aje, a shafa man kaɗe a huta. Amma in kasala ce da jin haushi, mu ra'ayinmu a rage aikin, kar a yanke shi. Minti goma ya isa. A koma ƙofa ta 4 zuwa ta 7, inda do, re, mi suke jere cikakku, a riƙe sauti guda a hankali, iskar na tasowa daga ciki kamar numfashin mai barci. Lanƙwasa sauti da sauran gwaninta a bar su sai gobe. Kuma don Allah ba ranar ɗaukar bidiyo ba ce a tura WhatsApp.

In bakin ya ƙi sam, kunne yana nan. A saka Tajabone ta Ismaël Lô a saurara da kyau. Da yawa ba su san mawaƙin nan na Senegal a Dogon Dutsi aka haife shi ba, a 1956. Ku lura yadda armonikarsa ba ta gaggawa, sauti kaɗan ne yake ja yana barin wuri tsakaninsu. Wannan abin ana koyonsa ne ranar da hannu da baki ba su da zafi.

Ku kuma ƴan fada, dariyar nan ku rage ta. Mai busa algaita a ƙofar sarki ya yi shekaru yana damun maƙwabta kafin a fara yi masa liƙi. In abokinku ya busa ta fito a karkace, ku miƙa masa ruwa ya kuskure baki, ku ce ya sake daga ƙofa ta 4.