Ƙanjamau Da Gonakin Bakolori

Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna cewa masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau a Arewa maso Yamma ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Saboda haka waɗansu dattawan ikkilisiya suna ganin magana ta ƙare. Ni ban yarda ba.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ne ke riƙe da gidaje masu yawa a Talata Mafara, Bakura da Maradun. Dashen shinkafa da ban-ruwa aikin masu jini a jika ne, su ne kuwa cutar ta fi kamawa. In maigida ya kwanta, sai a sayar da awaki, a jinginar da gona, a cire yarinya daga makaranta ta yi jinya. In ya rasu, dangin miji su karɓe gonar, gwauruwa ta koma gidan iyayenta, ko a yi mata wani aure ba gwaji. Marayu kuwa sai wurin kaka, wadda ba ta iya riƙe fartanya. Lissafin gwamnati mutum ɗaya ya ƙirga, amma gida guda ne ya watse.

Abin baƙin ciki, wannan mutuwa ba tilas ba ce. Tun 2006 ake ba da maganin kyauta a asibitocin gwamnati. Wanda ya riƙe shansa kullum zai yi noma har tsufa, ba kuwa zai sa wa matarsa ba. Abu biyu ke raba mutum da maganinsa: hanya da kunya. Hanya, 'yan bindiga sun lalata ta. Wanda aka kora daga ƙauyensa, ina ya ga kuɗin mota zuwa asibiti? Kunya kuwa tamu ce. Mu ne muke neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, sa'an nan kafin ranar Lahadi sakamakon ya zaga Zumuntar Mata, ko da yake dokar tarayya ta 2014 ta hana tona wannan asiri.

Shawarata ga kowace majalisar ikkilisiya ita ce, a keɓe baikon Lahadi ɗaya a wata domin kuɗin motar masu karɓar magani, fasto kaɗai ya san sunayensu. Ranar rabon gado kuma, dattawa biyu su je su zauna kusa da gwauruwa, har a bar mata gonar da za ta ciyar da 'ya'yanta.